Idan Faifai Ya Mutu, A Janye Hannu

Gyaran kwamfuta ce sana'ata, kuma ba abin da ke ci mini rai kamar yadda masu ofis da masu situdiyon hoto suka saki jiki da akwatin nan mai faifai huɗu ko biyar da ake kira RAID. An ce musu ko faifai ɗaya ya mutu, sauran za su riƙe. Haka ne, amma ba a ƙarasa musu zancen ba.

Tun 1988 da Patterson da Gibson da Katz suka bayyana tsarin a jami'ar Berkeley ta Amurka, manufarsa ita ce kada aiki ya tsaya saboda lalacewar faifai. RAID 5 rashin faifai ɗaya kawai yake jurewa, RAID 6 biyu, RAID 0 kuwa ko ɗaya ba ya ɗauka. Ba ruwansa da fayil ɗin da aka goge bisa kuskure, ko gobara, ko ɓarayin intanet masu kulle bayanai su nemi kuɗin fansa.

Babban hatsarin yana zuwa ne bayan faifan farko ya mutu. Da an sa sabo, dole na'urar ta karance sauran faifan kaf, awanni masu yawa, wani lokaci kwanaki. Su kuwa rana ɗaya aka saye su, zafi ɗaya suka sha, ƙurar hunturu ɗaya suka shaƙa, ga wuta ana kawowa ana ɗaukewa. A nan na biyu yake cikawa. Ko manyan kamfanoni ba su tsira ba: a 2019 HPE ta yi gargaɗin cewa wasu faifanta na SSD za su mutu da zarar sun cika awa 32,768 suna aiki, wato waɗanda aka kunna tare, kusan tare za su tafi.

Yawancin akwatunan da ke iso mini a lalace, hannun mutum ne ya ƙarasa su. Wani ya zare faifan ya mayar ba bisa jerinsu ba, wani ya danna a sake tsara akwatin, garin neman gira aka rasa ido. Wallahi da an kashe na'urar tun farko, da yawansu sun cetu. A rubuta wa kowane faifai lambar gurbinsa. A kwafe kowanne sukutum zuwa wani lafiyayye da manhaja irin ddrescue, sannan a yi ta gwaji a kan kwafin. Faifan da ke ƙara kuwa, kada a sake ba shi wuta.

Maigida, takardun marasa lafiya da hotunan bikin mutane amana ce a hannunka. Ka ajiye kwafi uku, ɗaya a wajen ginin, kuma a makon nan ka sa mai kula da na'urarka ya dawo da fayil ɗaya daga ajiyar a gaban idonka.