Masu Bin Bashi Ba Mabarata Ba Ne

Duk lokacin da maganar diyyar bauta ta taso a shafukan sada zumunta, ba a rasa wani daga cikinmu da zai leƙo ya ce baƙaƙen Amurka sun cika mita, abin da ya wuce ya wuce, su tashi su nemi na kansu. Wani kuma ya ɗora da cewa wanda aka bautar ya mutu, wanda ya bautar ma ya mutu, to wa zai biya wa? Ana faɗar haka cikin isa, kamar an kawo hujjar da ta rufe bakin kowa. Ni dai a wurina rashin sani ne aka naɗa wa rawani.

Wannan tambaya ta "wa zai biya wa" an daɗe da amsa ta, domin an riga an biya diyyar bauta. Iyayengiji aka biya. Da Birtaniya ta yi dokar hana bauta a 1833, ta ware fam miliyan 20 ta raba wa masu bayi saboda "dukiyar" da suka yi asara, su kuwa bayin, mutum wajen 800,000, ko sisi ba su gani ba. Bashin da gwamnati ta ciwo don wannan rabo ba a gama biyansa ba sai a 2015. Wato jikokin bayin da ke zaune a Landan suna biyan haraji sun sa hannu wajen biyan waɗanda suka bautar da kakanninsu. A 1862 gwamnatin Amurka ta biya masu bayi na birnin Washington har dala 300 a kan kowane bawa da aka 'yanta. Faransa kuwa, a 1825, jiragen yaƙi ta tura wa Haiti, ta ce sai ta biya faran miliyan 150 saboda laifin ƙwatar kanta. A duk waɗannan ba a ji wanda ya ce lissafin ya yi wuya, ko lokaci ya ƙure. Lissafi ba ya wuya sai ranar da baƙar fata ya miƙo hannu.

Kuma abin mamaki ne a ji Bahaushe yana wannan musu. A wane gida ne namu ake raba gado kafin a biya bashin mamaci? Wanda ya ci gonar uba, shi ake bi bashin uba. Gwamnatin Amurka ba ta mutu ba, haka bankuna da jami'o'i da kamfanonin inshorar da suka yi ƙiba da gumin bayi, da yawansu suna nan da ransu. Zaluncin ma bai tsaya a 1865 ba. A 1921 fararen fata suka ƙone unguwar Greenwood ta birnin Tulsa ƙurmus. Daga shekarun 1930 hukumomin gwamnati suka riƙa zagaye unguwannin baƙaƙe da jan layi a taswira, abin da ya sa bankuna suka hana mazauna cikinsu bashin sayen gida, alhali gida shi ne dukiyar da talakan Amurka ke bar wa 'ya'yansa. A ƙididdigar babban bankin ƙasar ta 2022, dukiyar matsakaicin gidan farar fata ta kai dala 285,000, ta baƙar fata kuwa ba ta cika 45,000 ba. Wanda ya ce lalaci ne ya haifi wannan tazara, sai ya faɗa mana wane irin lalaci ne ke zana taswira.

Amma ba masu musun nan kaɗai nake da magana da su ba. Akwai wasu da suka yarda bashi ne, sai dai suna jiran shugabanni su karɓo shi a ɗakin taro mai sanyi. Tarihin wannan gwagwarmaya bai goyi bayansu ba ko kaɗan.

A ɗauki Callie House. An haife ta cikin bauta a jihar Tennessee wajen 1861. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar, da wankau take ciyar da su. A 1898 ita da wani mai suna Isaiah Dickerson suka yi rajistar ƙungiyar tsofaffin bayi, da buƙata ƙwaya ɗaya: tun da gwamnati tana biyan tsofaffin sojojin yaƙin basasa fansho, to ta biya waɗanda suka yi wa ƙasar aikin ƙarfi kyauta tun suna yara har suka tsufa. Ɗan ƙungiya yana biyan senti 25 na shiga, sannan senti 10 duk wata. Rassan ƙungiyar da wannan ɗan kuɗi suke jinyar marar lafiya, su yi wa wanda ya rasu sutura, su kuma aika takardun koke majalisar dokoki. Duk wanda ya san adashi da ƙungiyar unguwa zai gane wannan tsari nan take. Tsohuwar da ba ta iya rubuta sunanta ba ta san cewa ko fansho bai zo ba, ba za a binne ta a wulaƙance ba, shi ya sa ta ci gaba da biya. Ta haka matar nan ta bi garuruwan kudancin Amurka har jami'an gwamnati da kansu suka ƙiyasta mabiya tafiyar sun kai 300,000.

Me gwamnati ta yi? A 1899 hukumar gidan waya ta hana ƙungiyar amfani da wasiƙa, wai damfara ce a sa wa mutane rai da kuɗin da majalisa ba za ta taɓa amincewa da shi ba. A duba wannan dabara da kyau: mai riƙe da bashi ya ce ba zai biya ba, sannan ya kama mai bin bashin da laifin yaudara saboda ya ce za a biya. A 1915 aka shigar da ƙara ana neman dala miliyan 68, kuɗin harajin da gwamnati ta karɓa kan audugar da bayi suka noma. Kotu ta kore ta da hujjar cewa ba a ƙarar gwamnati sai da yardarta. A 1917 aka gurfanar da Callie House gaban masu taya alƙali yanke hukunci, dukansu maza fararen fata, aka ɗaure ta shekara guda. Ta fito ta koma bakin bahon wankinta, ta rasu a 1928. Manyan 'yan bokon baƙaƙe na zamaninta, masu jaridu da kwat, yawancinsu sun ɗauke kai daga gare ta. Ba a tura 'yan sandan ciki da lauyoyin gwamnati a kan mabaraci. Tsoronta aka ji.

Wani zai ce to ai ba ta samu komai ba. Sai mu je Shikago, inda aka samu.

Daga 1972 zuwa 1991, wani babban ɗan sanda mai suna Jon Burge da yaransa sun azabtar da mutane sama da 100, kusan dukansu baƙaƙe, don su amsa laifi. Suna jona musu wutar lantarki har a al'aura, su rufe musu fuska da ledar rufe tafireta har numfashi ya ɗauke, su cusa wa mutum bakin bindiga a baki. Da irin wannan "amsa laifi" aka yanke wa wasu hukuncin kisa. An kori Burge a 1993, amma ba a taɓa hukunta shi kan azabtarwar ba, wai wa'adin shigar da ƙara ya wuce. A 2010 aka same shi da laifin yi wa kotu ƙarya, aka ba shi shekara huɗu da rabi, fanshonsa kuwa yana shiga.

Waɗanda suka hana maganar mutuwa su ne iyaye mata da suka shekara suna tsayuwa a ƙofar kotu da hotunan 'ya'yansu, da fursunonin da ke rubuto wasiƙu daga kurkuku, da wasu tsirarun lauyoyi da masu zane. A 2013 suka kai daftarin dokar diyya majalisar birni, aka jefa shi a kwamiti ya yi ta barci. A Nuwamban 2014 wasu matasa na ƙungiyar We Charge Genocide suka tara kuɗin jirgi suka tafi Geneva, suka tona asirin 'yan sandan garinsu gaban kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da azabtarwa. A gida kuma aka yi ta zaman dirshan a sakatariyar birni, ana shiga jiragen ƙasa na cikin gari ana ba fasinjoji labari, ana bin kansiloli ɗaya bayan ɗaya. Sai ga magajin gari Rahm Emanuel ya kasa cin zaɓe a zagayen farko, yana neman ƙuri'un baƙaƙe ido rufe. Ranar 6 ga Mayu, 2015, majalisar ta amince: dala miliyan 5.5, wadda mutum 57 suka samu rabo a ciki, da neman gafara a hukumance, da karatu kyauta a kwalejojin birni ga waɗanda aka zalunta da iyalansu, da cibiyar kula da lafiyar ƙwaƙwalwarsu, da kuma wajabta koyar da labarin Burge a makarantun gwamnati.

Kuɗin bai taka kara ya karya ba. Miliyan 20 aka nema, kuma dala 100,000 ba ta sayen shekara ashirin da mutum ya yi a kurkuku. Amma wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya fi burge ni. Birni ya yarda a tsaya gaban yaro ɗan shekara 13 a gaya masa abin da 'yan sandan birnin suka aikata. Ɗan siyasa ba ya kawo irin wannan shawara da kansa. Sai wanda aka jona wa wuta.

A kwatanta da abin da ke faruwa a sama. Tun 1989 ɗan majalisa John Conyers ya gabatar da ƙudurin da ake kira H.R. 40, wanda lambarsa ke tuna eka 40 da aka yi wa 'yantattun bayi alkawari a 1865 kafin shugaba Andrew Johnson ya mayar wa tsofaffin iyayengiji filayen. Ƙudurin bai ce a biya kowa ba, kwamitin nazari kawai ya nema. Fiye da shekara 30 ba a taɓa kaɗa masa ƙuri'a a zauren majalisa ba, har da shekaru takwas da baƙar fata ya yi a fadar White House. A ɗan ƙaramin garin Evanston kuwa, wata kansila, Robin Rue Simmons, da mutanen unguwarta suka sa aka ware dala miliyan 10 daga harajin tabar wiwi a 2019, ana ba waɗanda wariyar gidaje ta shafa tsakanin 1919 da 1969, da zuriyarsu, dala 25,000. Shirin yana da masu suka har cikin baƙaƙen, kuma an kai shi kotu. Duk da haka akwai tsofaffin da suka gyara rufin gidansu da shi.

Mu ma a nahiyar nan mun gwada hanyar sama. A Afrilun 1993 aka yi babban taron diyya a Abuja, Cif M.K.O. Abiola ne ƙashin bayansa, kuma ba za a raina abin da ya kashe na dukiya da lokaci ba. Wata biyu bayan haka aka soke zaɓen 12 ga Yuni, daga baya aka tsare shi, ya rasu a 1998. Tafiyar ta kwanta tare da shi, domin a aljihun mutum ɗaya take, ba ta da rassa, ba ta da mai biyan senti 10. An sake taro a Accra a 2023, Tarayyar Afirka ta sa wa 2025 suna shekarar diyya. Madalla. Amma a tambayi mai sayar da kayan miya a kasuwar Kurmi ko ya ji labari. Ina kuma da tambayar da ba a so: in kuɗin ya zo gobe, hannun wa zai shiga? Shugaban da ya kasa biyan malamin firamare albashi ne za a damƙa wa diyyar mutum miliyan 12 da aka ɗora a jirgin ruwa?

Saura hujja ɗaya da masu musu ke ɓoyewa sai an matsa su: ai mu ma mun sayar da su. Gaskiya ne. An sayar da mutane a kasuwanninmu, kuma a arewacin Nijeriya ba a soke bauta baki ɗaya a doka ba sai 1936. Hausawan da suka yi bore a Bahia ta ƙasar Brazil a farkon ƙarni na 19 ba da ƙafarsu suka je can ba. Sai dai ban san a wace kotu laifin dillali ke wanke mai saye ba. Abin da wannan hujja ke yi shi ne ƙara sunaye a jerin waɗanda ake bi bashi, kuma wasu sunayen namu ne.

An ma fara bin sa. A 1996 aka sayar da Hadijatou Mani a yankin Ƙonni na Jamhuriyar Nijar tana 'yar shekara 12. Bayan an ba ta takardar 'yanci a 2005 ta auri wanda take so, sai wanda ya saye ta ya kai ƙara cewa matarsa ce, kotu ta yanke mata ɗaurin wata shida kan aure bisa aure. Ƙungiyar Timidria, wadda 'yan Nijar suka kafa a 1991 suna bin ƙauyuka da rugage suna neman irinta, ita ta tsaya mata tare da lauyoyi har kotun ECOWAS. A Oktoban 2008 kotun ta samu gwamnatin Nijar da laifin kasa kare ta, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10. Gwamnati ta biya.