Kafin mu yi gardamar fasfo biyu, ina takarda ta farko?

Jama'a, duk lokacin da aka tayar da zancen zama ɗan ƙasa biyu, hankalinmu sai ya tafi ga ƴaƴan manya da aka haifa a Faransa ko Amurka. Ni kuwa a ganina, inda maganar ta fi nauyi shi ne Damargu. Daga Tanut, Gangara, Ollelewa, har Tarka da Balbeji, da an gama girbi sai ci-rani. Wasu su nufi Kano da Katsina, wasu su bi hanyar Agadas zuwa Tamanraset ko Libiya. A can ake aure, a can ake haihuwa. To, waɗannan yaran, ƴan wace ƙasa ne?

Doka dai ta ba da amsa. Dokar zama ɗan ƙasa ta Nijar ta 1984 ce. A 1999 aka gyara ta, uwa ma ta samu ikon bai wa ɗanta ƙasa kamar yadda uba ke bayarwa. A Nuwamba 2014 kuma aka halatta riƙe ƙasa biyu. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 shi ma ya ce wanda ɗaya daga iyayensa ɗan Najeriya ne, to ɗan ƙasa ne ta haihuwa, kuma ba a ƙwace masa don yana da wata ƙasar. Ke nan yaron da babansa ɗan Tanut ne, mamarsa Bakatsiniya, yana da haƙƙi nan da can. Ba alfarma ba ce.

Amma fa haƙƙin da ba shi da takarda kamar gona ce ba shaida. Fasfo shi ne matakin ƙarshe na tsani. Kafin shi sai takardar nasiyonalite daga kotu, ita kuma ba ta samuwa sai da takardar haihuwa. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwa, kuma kyauta ne. In wa'adin ya wuce, sai an bi ta gaban alƙali da shaidu. Yanzu ku duba matar da ta haihu a ruga, nesa da gidan likita, ko wadda ta haihu a Tamanraset tana ɓuya don ita kanta ba ta da takarda. Yaushe za ta je ofis? Kwana 60 sai su wuce kamar jiya. Yaron da doka ta ba shi ƙasa biyu, a aikace ko ɗaya ba zai iya nunawa ba.

Abin ba ya ciwo sai daga baya: ranar rajistar jarrabawar BEPC, ranar rabon gado, ranar da aka tsayar da mota a shinge aka ce kowa ya fito da takarda. Tun daga ƙarshen 2014 Aljeriya ke maido ƴan Nijar cikin manyan motoci, da mata da ƙananan yara. Ga shi kuma ranar 29 ga Janairu 2025 Nijar ta fita daga CEDEAO. Duk yadda siyasa ta juya, daga yanzu takarda za ta ƙara daraja a kan iyaka, kuma talaka ne zai fara ji a jikinsa.

Na san masu cewa mai ƙasa biyu zuciyarsa biyu. Ina girmama kishinsu, amma ban yarda ba. Fatake na ratsa Damargu daga Kano zuwa Agadas tun kafin Turawan Faransa da Ingila su ja layi a tsakaninmu. Yaron da kakarsa ke Daura, kakansa ke Balbeji, bai ci amanar kowa ba. Kuma hana shi takarda ba ya ƙara masa son ƙasa, sai dai ya sa ya ji babu inda ake ƙidaya shi.

Abin da nake nema bai fi ƙarfinmu ba. Hukuma ta yawaita zaman kotu na tafi-da-gidanka a ranakun kasuwa da wuraren da makiyaya ke taruwa, ba sai zaɓe ya matso ba. Ƙananan ofisoshin jakadancinmu na Kano da Tamanraset su sauƙaƙa rajistar jarirai, ba tare da tsoratar da iyaye ba. Masu gari da limamai su mayar da shi al'ada: ranar suna, bayan fatiha, a tambayi uban yaro ko an rubuta.

Mu kuma matasan birni, da muka san ƙofar ofishin magajin gari, kowa na da ƙane ko ɗan yaya a ƙauye. Ɗauki waya yau ka tambaya: yara nawa ne a gidan ba su da takardar haihuwa? In ka ji adadin, ka ware rana ɗaya ka raka iyayensu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.