Masu gyaran hoto a Funtua da Malumfashi: Ina iyakar kwalliya, ina farkon ƙarya?

A Funtua da Malumfashi, mai ɗaukar hoton biki ba lallai ne ya zama shi ke gyara shi ba. Yakan tura hotunan ta WhatsApp ga wani matashi mai kwamfuta, wanda zai daidaita haske, ya goge ƙuraje da Photoshop, a biya shi gwargwadon yawan aikin. Kasuwar takan buɗe bayan kaka, lokacin da kuɗin masara da auduga suka shigo hannu, bukukuwa suka yawaita.

Sai dai ƙaratowar zaɓen 2027 na kawo wani irin ciniki. Hannun da ya iya gyara fuskar amarya zai iya cika filin taron ɗan takara da jama'ar da ba su halarta ba, ko ya maido da tsohon hoton hari tamkar jiya aka ɗauke shi. A yankin da ke maƙwabtaka da Faskari da Ƙanƙara, inda 'yan bindiga suka daɗe suna addabar manoma, irin wannan hoto ya isa ya hana mutane zuwa gona.

Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka gyara a 2024, ya tanadi hukunci kan yaɗa ƙaryar da ka iya ta da hankalin jama'a. Ɗan siyasar da ya ba da aikin yana da lauyoyi. Matashin da ya yi shi ba shi da kowa. Don haka wajibi ne masu sana'ar su shata wa kansu iyaka tun kafin fosta ta cika gari.