Gyara Kayanka: Asibitocin Ƙasar Katagum da Masu Sana'ar da ke Zaman Jira

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san cewa aikin gini ba ya ƙarewa ranar da magini ya sauko daga kan katanga. Da zarar bazara ta kama, mai gida zai hau soro ya duba inda ya tsage, a kwaɓa ƙasa a yi yaɓe, a gyara indararo, a canza azarar da gara ta ci. Da wannan ɗabi'a ce magabatanmu suka riƙe ganuwa da masallatai da fadoji shekara da shekaru, har aka yi sarautar Sarkin Magina domin muhimmancin aikin. Abin mamaki, mu jikokinsu da muka sami siminti da kwano da digiri, mun ɗauka cewa ginin gwamnati ba ya tsufa, musamman ma asibiti, inda ake kai rai a lokacin da ya fi kowane lokaci rauni.

Ba mu ce ba a yi wa ƙasar Katagum komai ba. Azare ta daɗe da Cibiyar Lafiya ta Tarayya, wadda marasa lafiya ke nufa daga Jama'are da Misau, har da maƙwabtanmu na Jigawa da Yobe, tun da garin yana kan hanyar Kano zuwa Maiduguri. A shekarar 2021 kuma gwamnatin tarayya ta amince da kafa Jami'ar Kimiyyar Lafiya a Azare. Madalla. Sai dai a bayan wannan babban gida akwai asibitocin jiha da ɗakunan shan magani masu yawa, daga Gamawa zuwa Shira, daga Itas zuwa tsohon garin Katagum, kuma a nan ne talaka yake fara kai ɗansa idan zazzaɓi ya kama shi da tsakar dare. Ƙorafinmu a kan yadda ake riƙon irin waɗannan gine-gine ne, manya da ƙanana.

Lalacewar asibiti ba ta zuwa da ƙara. Iskar farkon damina ce za ta ɗaga kwano ɗaya, ƙusa biyu su fita. A ranar, aikin bai wuce na kafinta guda da tsani ba, kafin azahar ya gama. To amma babu wanda aka ɗora wa alhakin kiran kafintan, babu kuma kuɗin da aka ware don biyansa. Ruwa ya sauka a kan silin, silin ya jiƙe ya ruɓe, jemagu su tare a ciki, danshi ya kai ga wayar lantarki. Bayan damina uku sai a kulle ɗakin, a gwamutsa majinyata a na kusa da shi. Haka abin yake ga janaretan da ba a canza wa baƙin mai, da famfon rijiyar burtsatse da ya ƙone, da farantin hasken rana da ƙurar hunturu ta lulluɓe ba mai gogewa, har firjin da ake ajiye allurar rigakafi ya daina sanyi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ƙadangaren a nan shi ne ɗan kwangila, wanda zai zo da takardar miliyoyi don gyara abin da ƙusa biyu suka jawo.

Me ya sa hukumomi suka fi son haka? Amsar ba ɓoyayya ba ce. Sabon gini yana da allo mai ɗauke da sunan mai girma, yana da ranar buɗewa da almakashi da makaɗa da 'yan jarida. Yashe masai kuwa ba a gayyato kowa. Ban da wannan, babbar kwangila tana da gefen da ake gutsura, alhali kuɗin fenti da kwan fitila bai kai a yi masa rububi ba. Shi ya sa idan aka zo tsara kasafi ake kumbura ɓangaren manyan ayyuka, a bar kuɗin gudanarwa na yau da kullum a ƙanjame, shi ɗin ma ba lallai a sake shi a kan kari ba.

Mun taɓa ganin ƙarshen wannan hanya. Asusun Rarar Man Fetur, wato PTF, da gwamnatin Janar Sani Abacha ta kafa a 1994 ƙarƙashin jagorancin Janar Muhammadu Buhari, ya gyara asibitoci da dama a faɗin ƙasa, ya zuba magunguna. An rushe asusun a 1999, kuma da yake gyaran na lokaci ɗaya ne, ba a bar wani tsari na kulawa a bayansa ba, gine-gine da yawa suka koma gidan jiya, kowace sabuwar gwamnati ta zo ta sake ba da kwangilar gyaran abin da aka riga aka gyara.

Wurin da muke so mai karatu ya tsaya ya yi tunani shi ne inda kuɗin ke tafiya. Babbar kwangila kamfanin Abuja ko Kaduna ko Legas ke samunta. Da injiniyansa yake zuwa, da ƙwararrunsa, sau da yawa har da kayan aikinsa. Rabon ɗan gari bai wuce ɗaukar kwanon kankare na 'yan watanni ba, daga nan motoci su juya, riba ta bi su. Kuɗin kulawa da gini ba haka yake ba. Kaɗan ne, amma ba ya yankewa, kuma ba shi da inda za shi sai hannun mutanen wurin, domin babu kamfanin da zai taso daga Legas don ya canza kan famfo a Giade. Magini da kafinta da mai walda da mai gyaran famfo da mai haɗa wuta da bakanike duk suna ciki. Tela zai ɗinka zannuwan gado da labule, mai wanki ya wanke, mai shara ya share, wani ya sare ciyawar da macizai da sauro ke fakewa a ciki. Naira ɗin da aka biya kafinta da safe, kafin magariba ta shiga hannun mai katako, ta wuce wurin mai gero a kasuwar Azare, ta ƙare a aljihun manomi. Kowane ɗaya daga cikin masu sana'ar nan kuma yana da yara biyu ko uku da ke koyon aiki a ƙarƙashinsa.

Mu tuna cewa matasan yankin nan ne ke cika manyan motoci zuwa kudu cirani da zarar an gama girbi. Da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a sassan birnin a 2020, ta kuma ƙara tsanantawa a 2022, da yawa daga cikin 'yan Arewa sun dawo gida hannu rabbana. Ga matasa na zaman kashe wando a bakin titi, ga ƙofofin asibiti na lilo babu majingina, amma an rasa mai haɗa wannan da wancan.

Ba doka ce ta yi ƙaranci ba. A Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta kuma keɓe kashi 15 cikin 100 na asusun don samarwa da kula da gine-gine da kayan aiki da motocin ƙananan asibitoci. A 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a kan umarni na 11 game da kula da gine-ginen gwamnatin tarayya, kuma hujjar da Ministan Ayyuka na lokacin, Babatunde Fashola, ya riƙa kafawa ita ce aikin yi ga ƙananan masu sana'a. Umarnin bai hau kan gine-ginen jiha da na ƙananan hukumomi ba, amma babu abin da ya hana Bauchi yin nata.

Za a ce mana ai kuɗin da aka saki a hannun shugaban asibiti ma sacewa za a yi. Ba mu musa ba, ɓarawo bai da wurin da ba ya shiga. To amma wanne ya fi sauƙin kamawa, wanda ya ci kuɗin gyaran famfo a garin da kowa ya san shi, ya kuma ga famfon bai kawo ruwa ba, ko kamfanin da ba wanda ya san ƙofar ofishinsa? A liƙa lissafin kuɗin a bangon asibiti duk wata uku, kwamitin unguwa da dagaci da limami su gani. Za a kuma ce masu sana'armu ba su iya taɓa injin hoton ƙashi ko na'urar ɗakin tiyata ba. Wannan gaskiya ce, kuma laifin namu ne mu mutanen makarantu. Yankin da ke da jami'ar lafiya a Azare da jami'ar jiha a Gadau bai kamata ya riƙa jiran mai gyara daga Kano mako biyu ba. A buɗe kwas na koyar da gyaran na'urorin asibiti, a ɗauki yaran da suka riga suka ƙware a gyaran wayar hannu da rediyo a horar da su.

Jama'ar gari su ma da nasu kason. Wanda ya kwance kan famfon asibiti ya kai gidansa, da wanda ya ɗaure akuyarsa a barandar ɗakin haihuwa yana cewa kayan gwamnati ne, matarsa ce za a kwantar a wurin gobe.

Buƙatarmu ga 'yan majalisar da ke wakiltar wannan yanki a Bauchi da Abuja ita ce, idan kasafin baɗi ya zo gabansu, kafin su yi murna da sabon ginin da aka rubuta wa mazaɓarsu, su tambayi nawa aka ware wa kowane asibiti don kulawa, a wane wata za a saki kuɗin, kuma wa zai sa hannu. A rubuta cewa aikin da bai kai wani adadi ba na masu sana'ar ƙaramar hukumar ne, a yi musu rajista, a biya su cikin wata guda da gama aiki, domin kafintan da ya bi gwamnati bashi shekara guda ba zai sake amsa kira ba.