Kocin Makaranta Ma Yana Bukatar Tsani

Duk wanda ya bi kwalta daga Gidan Rumji zuwa Maradi, ya zarce Cadawa da Agiye har Gazawa, zai tarar da abu guda a kusan kowane gari bayan la'asar: fili a bayan makarantar CEG, yara cikin ƙura suna bin ƙwallo, da wani mutum riƙe da usur. Galibi malamin motsa jiki ne, sau da yawa ɗan kwantiragi. Yara suna ce masa mushe a aji, a fili kuma koci. Tambayar da ban ji ana yi ba ita ce: idan wannan mutum ya iya aikinsa ƙwarai, ina zai kai nan da shekara goma? Amsar ba ta da daɗi. Yana nan inda yake, sai dai usur ya tsufa.

A Amurka, inda jami'o'i ke da ƙungiyoyin ƙwallonsu irin wadda ake runguma a hannu, aikin koci sana'a ce mai hawa-hawa. Nick Saban ya fara ne a 1973 a matsayin ƙaramin mataimaki a jami'ar Kent State. Ya yi ta yawo daga wannan jami'a zuwa waccan yana riƙe ɓangare guda na 'yan wasa, bai zama babban koci ba sai 1990 a Toledo. Da ya ajiye aiki a Alabama a farkon 2024, yana da kofin ƙasa bakwai. Ba kuɗinsu nake kwaɗayi ba, don ba mu da shi. Abin lura shi ne kowane mataki yana da suna, akwai masu kallon aikinka, kuma sakamakonka a rubuce yake.

Mu a Nijar mun taɓa ganin abin da ɗan gida zai iya. Harouna Doula ne ke jan ragamar Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, lokacin da ta doke Masar da ci ɗaya a Yamai a Oktoban 2010, a sa'ilin Masar na riƙe da kofin Afirka karo uku a jere. Shekara guda bayan haka 'yan Afirka ta Kudu suka yi ta rawa a fili bayan canjaras da Saliyo, suna zaton sun tsallake, ashe Nijar ce ta samu gurbin shiga gasar kofin Afirka, karon farko a tarihinta. A Disamban 2011 hukumar ƙwallon ƙafar Afirka, CAF, ta zaɓi Doula gwarzon kocin Afirka. Ba a yi wata biyu ba, Mena ta sha kashi biyu da nema a hannun Gabon a wasan farko na gasar 2012, sai aka ture shi gefe, Bafaranshe Rolland Courbis da aka kawo ba da shawara ya karɓi ragama. Sauran wasanni biyun ma ba a ci ko ɗaya ba. Da aka sake ba Doula 'yan wasan gida a gasar CHAN ta Aljeriya a farkon 2023, ya fitar da Kamaru da Gana, ya kai mu wasan kusa da na ƙarshe.

Idan gwarzon Afirka bai tsira daga wannan raini ba, me malamin Gangara ko Cadakori zai sa rai? Amma ni ba batun raini kaɗai ya dame ni ba. Muna da Doula ɗaya ne saboda ba mu gina hanyar da za ta fito da goma ba. CAF tana da takardun shaidar horarwa daki-daki, daga D zuwa C, B, A har ta ƙwararru. Malamin da ke ƙauye, wanda albashinsa kan makara, da me zai biya mota da masauki ya tafi birni neman takarda? Ko ya samu, wa ya san ya taɓa cin gasar babban hutu sau uku a jere? Ana gama wasan ƙarshe, mai unguwa ya miƙa kofi, a watse, babu ko takarda ɗaya da ta rubuta sunan wanda ya horar da yaran.

Abin mamaki, muna da tsarin a gida. Kokowa ba ta jiran gwani ya faɗo daga sama. Ana tankaɗe tun daga gari zuwa gunduma, daga gunduma zuwa jiha, kowace jiha ta fito da 'yan kokowa goma su je neman takobi. Saboda haka ne yaron ƙauye ke iya zama sarkin fili, kuma kowa ya san garinsu da wanda ya rene shi. Me ya hana ƙwallon makarantu bin wannan sawu?

Ga abin da nake ganin ba ya fi ƙarfinmu. Hukumar ƙwallon ƙafar Nijar, FENIFOOT, ta riƙa kawo horon matakin farko har Agiye, Gazawa da Gidan Rumji a lokacin babban hutu, ma'aikatun magajin gari su ɗauki nauyin masauki da abinci. A kafa gasar makarantu mai jadawali daga gunduma zuwa jiha, a rubuta sakamako da sunan kowane koci, a ajiye. Ƙungiyoyin Maradi irin su Ɗan Kasawa da Jangwarzo su ware kujerar mataimaki ko ta ƙungiyar matasa ga wanda ya yi fice a wannan gasa. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ma tana da ɗalibai da fili. Ƙungiyarta na iya zama matakin tsakiya tsakanin makaranta da gasar ƙasa. Filin wasan Maradi ya karɓi wasu wasannin gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 2019, wadda Mali ta ci. Bai kamata ɗan Tibiri da ke kusa da shi ya riƙa ganinsa daga bayan katanga kawai ba.

Na san me za a ce. Jihar da har yanzu yara ke karatu a azuzuwan zana, gundumar Gidan Rumji da 'yan bindigar kan iyaka suka hana barci, wa ke da sukunin zancen ƙwallo? Maganar tana da nauyi, ba na raina ta. Sai dai wanda ya zauna da malamai ya san cewa fili na daga cikin abin da ke riƙe saurayi ɗan shekara goma sha huɗu a makaranta, a daidai lokacin da cirani ke kiransa zuwa Katsina, Kano ko Agadas. Kocin nan ne ke sanin wanda ya kwana biyu bai zo ba, shi ke zuwa ƙofar gida ya yi sallama da uban yaro. Irin wannan mutum idan ya ga aikin ba ya kai ko'ina, zai nemi wata sana'a, kuma ba laifinsa ba ne.

Duk lokacin da Mena ta faɗi, muhawararmu ɗaya ce: a ɗauko Bature ko a bar wa ɗan gida. Muhawarar banza ce muddin 'yan gidan da za a zaɓa ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Kuɗin da ake kashewa baƙon koci a 'yan watanni zai horar da malamai da dama a gundumomin Agiye, Gazawa da Gidan Rumji. Magajin garin da ke neman abin da zai yi wa matasa bana, ya fara da kiran masu usur na garinsa ya rubuta sunayensu.