Raddi ga masu cewa dogara ga ƙarfin Allah lalaci ne

Akwai wata magana da ke yawo a bakin matasanmu, har ta fara shiga taron zumunta: wai dogara ga ƙarfin Allah zancen ragwaye ne, shi ya bar Kirista a baya. Ba na raina masu wannan ra'ayi, domin da yawansu rashin aikin yi ne ya gasa musu aya a hannu. Sai dai hujjojinsu ba su tsaya da ƙafafunsu ba.

Sun ce wanda ya jingina da Allah zai naɗe hannu. Wa suka gani ya naɗe hannu a Littafi Mai Tsarki? Da Sanballat da Tobiya suka ƙulla wa Nehemiya makirci, ya yi addu'a, ya kuma sa masu gadi dare da rana, aka gama garun Urushalima cikin kwana 52. Manzo Bulus, wanda ya fi kowa wa'azin alheri, ɗinkin tanti yake yi a Koranti tare da Akila da Bilkisu, shi ne kuma ya hana Tasalonikawa ciyar da mai ƙin aiki. In suna nufin faston da ke hana mara lafiya zuwa asibiti, to bakinmu ɗaya da su, wannan zalunci ne. Amma masu bisharar da suka buɗe asibitin Vom a 1922 da na Galmi a Nijar a 1950 mutanen addu'a ne, kuma su ne suka riƙe allura.

Sun ce, in dogarar tana da amfani, me ya sa masu ita suke shan wuya, ana ƙona musu majami'u? Nan ne kuskuren ya fi zurfi, kuma ba su suka ƙirƙiro shi ba. Sun ji shi ne daga masu wa'azin arziki, waɗanda suka mai da Filibiyawa 4:13 alkawarin mota da gida. Daga kurkuku Bulus ya rubuta wannan wasiƙa, ayar da ta gabaci wannan ayar kuwa zancen yunwa da ƙoshi take yi. Ƙarfin da yake nufi shi ne na tsayawa daram ko akwai ko babu. Shi kansa ya roƙi Ubangiji sau 3 a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ba shi alherin ɗaukarta. Haka ma masu bishara Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham sun sauka Legas a 1893, biyun farko suka rasu a 1894, Bingham ya koma gida da ciwo. Sai a 1902 aka samu zama a Patigi, daga wannan aikin kuma ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. A 2014 Boko Haram ta mamaye hedkwatar ikilisiyar EYN a Kwarhi, shugabanni suka yi hijira zuwa Jos, daga baya suka koma suka ci gaba da sujada. Ina tambayar 'yan'uwana da zuciya ɗaya: wane ƙarfin ɗan Adam ne ke mai da mutum garin da aka kashe danginsa, ya sake yin noma, ya ƙi ramuwa?

Sun ce ai ko Bahaushe ya san Allah ya ce tashi in taimake ka, wato ƙarfinka ne farko, na Allah ciko. Karin magana ce mai zaburarwa, amma ba aya ba ce. Mai tashin, wa ya ba shi numfashi? Bitrus ya bugi ƙirji cewa ba zai taɓa barin Yesu ba, kafin zakara ya yi cara ya yi musun sa sau 3, farkonsu a gaban wata baiwa. Mutumin nan ne dai, bayan saukowar Ruhu Mai Tsarki, ya tsaya gaban majalisar da ta yanke wa Ubangijinsa hukunci, aka ce ya yi shiru, ya ƙi.