Daga Kisra zuwa Kuran Daga: me Gidigir ke bin mai mulki?

Duk wanda ya taɓa zama gaban malami a Gidigir ya ji sunan Kisra, sarkin Farisa wanda ya yayyaga wasiƙar Manzon Allah (SAW), mulkinsa kuma ya yayyage a bayansa. A nan labarin ya saba tsayawa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda aka yi daulolin Farisa suka daɗe haka, da kuma abin da ya riga ya cinye ta ƙarshensu daga ciki tun kafin rundunar Musulmi ta iso. Ga mutanen yankin da ya ga mulkin Barno, da na Muniyo, da na Damagaram, da na Faransa, sannan jamhuriya bakwai da juyin mulkin soja biyar, wannan tambaya ta wuce ta karatu kawai.

Lokacin da Sairus ya ci Babila a shekara ta 539 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), bai taɓa wuraren ibadar mutanen garin ba, ya kuma bar Yahudawan da aka kamo su koma ƙasarsu. Dariyus, wanda ya hau a 522, ya yanka daular kashi ashirin, ko wane yanki da hakiminsa da harajinsa sananne, ya buga kuɗin zinariya, ya gyara babbar hanya daga Susa zuwa Sardis, tafiyar wata uku ga mai ƙafa, da zango 111 inda manzannin sarki ke sake doki. Wannan daula ta kai shekara 200 kafin Iskandar na Makidoniya ya karya ta a 331. Ƙarnuka bayan haka, a gidan sarautar Sasan, Kisra Anushirwan (531 zuwa 579 miladiyya) ya tarar manomi ba ya da ikon girbe gonarsa sai mai ƙiyasin haraji ya zo ya duba. Ya sa aka auna gonaki, aka yanka wa kowa abin da zai biya, ana biya sau uku a shekara. Saboda wannan aiki na ma'auni da littafi ne Larabawa da Farisawa suka yi masa laƙabi da Adali. Jikansa Kisra Abarwiz kuwa ya zuba dukiyar ƙasa da samarinta cikin yaƙi da Rumawa daga 602 har 628. Da aka kashe shi, sarakuna wajen goma suka hau suka sauka cikin shekara huɗu, manyan hakimai kowa ya ja nasa. Ƙadisiyya da Nahawand sun tarar da bango ya riga ya tsage.

Mutumin Gidigir ba ya bukatar zuwa Mada'in don ya ga irin wannan, domin ya faru a ƙofar gidansa. Damagaram ta fara ne a matsayin 'yar ƙaramar sarauta mai kai gaisuwa Barno. Sarki Sulaiman ya mayar da fada Zinder a farkon ƙarni na 19, amma Tanimun, wanda ya rasu a 1884, shi ya mai da ita daula. Ya zagaye birnin da ganuwa, ya tara bindigogi, ya sa maƙera suka zuba igwa a cikin gari, ya buɗe wa fataken Gadamas da Tarabulus ƙofa, har Zinder ta zama zangon da ayarin Kano zuwa Azbin ba ya iya kauce wa. Fatu da gashin jimina suna fita, tufafi da albarushi suna shigowa. Ƙasar Muniyo, wadda Bajamushe Barth ya tarar da sarkinta Kosso yana zaune da ƙarfinsa a Gure a ƙarshen 1852, ta koma ƙarƙashin Zinder a zamanin Tanimun, tare da kanwarta da gishirinta. Wannan gagarumin aiki ne, kuma ba a koyar da shi a makarantun boko gwargwadon yadda ya cancanta.

Sai dai maroƙa ba su faɗin da me aka biya kuɗin albarushin. Baturen Ingila Richardson, da ya sauka Zinder a farkon 1851 zamanin Sarki Ibrahim, ya rubuta yadda bashin fatake ya yi wa fada yawa, da yadda ake fita hari a kamo mutanen ƙauyukan da ke ƙarƙashin inuwar Barno ɗaya da Zinder, a sayar a biya bashin. Fataucin bayi bai tsaya da hawan Tanimun ba. Talakan gefen ƙasa yana ba da gero da dabba, wani lokaci har da ɗansa, abin da yake samu a madadi kuwa shi ne ganin ganuwar da ba shi take karewa ba.

Barno, uwar gijiyar, ta faɗi hannun Rabe a 1893 cikin 'yan watanni. A shekarar nan Ahmadu Kuran Daga ya hau gadon Damagaram, ya mai da ƙarfinsa kudu, yana gwabzawa da Kano, har rundunarsa ta kai Gezawa a 1898. A wannan shekara aka kashe Kyaftin Kazmaju na Faransa a Zinder. Ba wanda ke shakkar jarumtar Kuran Daga, kuma ba a haɗa bindigar maƙera da ta Turawa. Amma doki da mazan da aka ɓatar a ƙasar Kano, 'yan uwa Musulmi, su ne aka nema aka rasa a Tirmini a ƙarshen Yulin 1899, inda aka gama da rundunar cikin yini guda. Bayan 'yan makonni aka kashe sarkin. Faransawa suka ci gaba da karɓar haraji da sabon suna, lampo, suka ƙara da aikin tilas, a 1926 kuma suka ɗauke babban birni daga Zinder zuwa Yamai.

Yau hanyar kwalta daga Damagaram zuwa Difa ta ratsa Gidigir, matatar mai tana aiki kusa da Zinder tun 2011, kasuwar garin kuma tana tara Mangawa da Hausawa da Fulani da Tubawa da Buzaye, ana karɓar kuɗi a kan ko wace dabba da aka sayar. A gefe guda tudun rairayi yana gangarowa cikin kwaruruwan da ake noman dabino da rogo, ake kuma haƙar kanwa. Mai sayar da raƙumi yana da haƙƙin ya san inda kuɗin tikitinsa ya shiga: rijiya nawa, aji nawa, shingen tare rairayi nawa. Zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 ya ba shi kansilan da zai iya tsarewa a bakin masallaci ya tambaya, ko da amsar ba ta gamsar ba. A watan Afrilun 2024 hukumomin soja suka rusa waɗannan majalisu a duk faɗin ƙasa, suka naɗa kantomomi, waɗanda ke ba da bahasi ga wanda ya naɗa su.

Hujjar da ake kafawa ita ce tsaro, kuma mutanen hanyar Difa sun fi kowa sanin cewa matsalar tsaro gaskiya ce. Amma Anushirwan ba zaɓaɓɓe ba ne, kuma hakan bai hana shi sanar da manomi abin da zai biya ba. Kafin a tsayar da ranar mayar wa ƙananan hukumomi zaɓensu, ba abin da ya hana a manna takarda ko wane wata a ƙofar kasuwar Gidigir, da Hausa da Barbarci, mai nuna abin da aka tara da abin da aka kashe, da sunan aikin da aka kashe shi a kai.